Daga Kulliyar Shari'a zuwa MBA: ta ina zan fara?

Abu Hafsa, Madina:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin manya. Ina shekara ta uku a Kulliyar Shari'a a nan Jami'ar Musulunci, saura guda in Allah ya yarda. Abokaina duk majistir a fiƙihu ko usul suke hari, ni kuwa raina ya kwanta a kan MBA, wato majistir a harkar gudanar da kasuwanci. Dalilina na gida ne. Mahaifinmu ya shekara talatin yana harkar hatsi a Dawanau, amma har gobe lissafinsa rabi a ka yake, rabi a wani littafin 'yan makaranta mai layi-layi, kuma ni ne babba. Inda gizo ke saƙa, rabona da lissafi tun SS3, a WAEC ma da ƙyar na ja C6. Turancina na sakandare ne, tun da na shiga ma'ahadin luga ban cika shafi guda da shi ba. Wani ɗan ɗakinmu a sakan, wato masaukin ɗalibai, ya ce makarantun kasuwanci ba sa ko kallon mai digirin addini ko adabi ko tarihi. Haka ne? In ba haka ba ne, me ya kamata in riƙa yi tun yanzu?

Injiniya, Dammam:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ɗan ɗakin naku jita-jita ya kawo maka. MBA dama don wanda bai karanta kasuwanci ba aka gina ta. A ajinmu akwai likitan haƙori, akwai tsohon soja, akwai wanda ya karanta falsafa, kuma mai falsafar nan ya fi mu injiniyoyi iya magana a aji nesa ba kusa ba. Abin da zai tsaya wa masu tantancewa a rai idan suka ga takardarka shi ne, wannan malamin zai iya da alƙaluma? Digirinka ba zai amsa musu ba, sai ka kawo wata shaida daga waje. Shaidar da aka fi sani ita ce GMAT, jarrabawar shiga makarantun kasuwanci.

Bari in faɗa maka yadda take yanzu, don tsofaffin littattafan da ke yawo a hannun ɗalibai za su ɓatar da kai. An canza ta a ƙarshen 2023, tsohuwar ta tafi a farkon 2024. Yanzu awa 2 da minti 15 ce, kashi uku, kowane kashi minti 45. Lissafi tambaya 21. Karatun Turanci da auna hujja tambaya 23. Sai karanta jadawali da zanen ƙididdiga tambaya 20, kuma a nan kaɗai ake ba ka kalkuleta. An cire insha'i, an cire jometiri, an cire gyaran nahawun jimla. Maki daga 205 zuwa 805. Idan ka ji wani yana cewa ya ci 700 a da, kusan 645 ke nan a ma'aunin yanzu, kada lambar ta tsorata ka. Sakamakon yana aiki shekara 5. Jarrabawar kwamfuta ce mai bin sawunka, in ka ci tambaya ta miƙo maka wadda ta fi ta wuya, in ka faɗi ta sassauta, makinka kuma ya bi. A mba.com akwai jarrabawar gwaji guda biyu kyauta. Ka zauna ka yi ɗaya a wannan satin ba tare da ka buɗe littafi ba, ka ga inda kake tsaye. Zai yi ciwo, amma ka yi.

Alhaji Baba, Makka:
Ɗana Abu Hafsa, Allah ya yi albarka. Ni shekarata arba'in da wani abu a Shari'u Mansur ina saye ina sayarwa, ban san wata MBA ba, kuma na aurar da 'ya'ya tara. Mahaifinka da ya riƙe sito a Dawanau shekara talatin bai karye ba, shi ne makarantar. Ka gama karatun addininka ka koma ka zauna a gabansa. Kuɗin da za ka kai wa Turawa ka sayi riɗi da shi a kaka.

Injiniya, Dammam:
Baba Alhaji, ba a ja da ku. Amma rabin maganar taku ma ita makarantun suke faɗa, ba sa son wanda bai taɓa aiki ba.

Ummu Rayyan, Jidda:
Ƙanena, ni ce irin wadda kake tambaya a kanta. Adabin Turanci na karanta, waƙoƙi da wasan kwaikwayo, babu ko ɗigon lissafi. Na yi shekara huɗu a wani kamfanin fiton kaya a nan Jidda kafin na yi MBA. Saboda haka ka saurare ni a kan abu guda, wato gaggawa. Manyan makarantun Amurka yawancin ɗalibansu sun yi wajen shekara biyar suna aiki kafin su shigo, masu sassauci ma suna son biyu. Ba mugunta ba ce. Karatun da labarin kamfanoni ake yin sa, a ba ku matsalar da wani kamfani ya shiga, malami ya nuna ka ya ce kai me za ka yi. Wanda bai taɓa biyan ma'aikaci albashi ba, bai taɓa sallamar kowa ba, kayansa ba su taɓa maƙalewa ba, zai zauna ne kamar baƙo a gidan biki.

In kuma ka matsu ka wuce kai tsaye daga digiri, akwai majistir a harkar gudanarwa da ake kira MiM, an yi ta ne don sababbin gamawa. London Business School na yi, HEC a Faransa na yi, INSEAD ma na yi. Akwai kuma tsarin da ake ba ka gurbi tun kana shekarar ƙarshe, ka je ka yi aiki sannan ka dawo, kamar 2+2 na Harvard. Na ambata ne don ka san da su, amma ƙofar ƙarama ce ƙwarai, kuma kuɗin sai wane da wane.

Abin da nake so in ja kunnenka a kai shi ne takardar shaida. Mu nan mun saba da tazkiya. Da na fara nema, na je wurin wani malamina da ke ƙaunata, ya rubuta min layi huɗu: ɗaliba ce mai kyawun ɗabi'a, mai kiyaye lokaci, muna fata a karɓe ta. Ya buga hatimi babba. Na ɗauka na gama. Ba su ko kira ni muƙabala, wato intabiyu, ba. Shekara ta biyu na je wurin manajana, mutumin da muke yawan saɓani da shi. Shi ya rubuta yadda kwantenoni uku na wani abokin cinikinmu suka kwana goma sha ɗaya a tashar jiragen ruwa saboda an rubuta lambar kaya ba daidai ba, yadda na gano kuskuren a cikin fatura, na bi ofis-ofis har aka saki kayan, da nawa na rage wa kamfani na tarar jinkiri. Har ya rubuta cewa ina da saurin fushi amma ina gyarawa. Wannan takardar ce ta shigar da ni. Su labari suke so mai rana da adadi, daga bakin wanda ya ga aikinka. Kuma ba sa son ta fito daga hannun uba ko kawu, ka riƙe wannan tunda shagon gida za ka shiga.

Abu Hafsa, Madina:
Anti Allah ya saka da alheri. Wallahi har na fara lissafa shehunnan da zan je wa neman tazkiya. Amma aiki fa? Iƙamarmu ta ɗalibai ce, ba a yarda mu yi aiki da ita ba.

Ummu Rayyan, Jidda:
Kada ma ka soma. Lokacin Hajji za a yi ta kiranka ana ga wani ɗan aiki a ɓoye, kwana ashirin riyal kaza. Ba ya shiga takarda, ba wanda zai rubuta maka shaida a kansa, kuma in aka kama ka minharka, wato tallafin karatunka, ce za ta tafi. In ta hanyar da hukuma ta buɗe ne, kamar tafinta ga alhazai, wannan daban. Ka riƙe wani abu a ƙungiyar ɗalibai, ma'aji ya fi shugaba amfani a wurinka. Aikin gaske kuwa sai ka koma gida.

Ustaz Abu Sumayya, Riyad:
Akhi Abu Hafsa, a kujerar da kake zaune na zauna, kulliya ɗaya, har ina jin sakan ɗaya. Na koma gida na yi hidimar ƙasa, na yi shekara uku a sashen bin ƙa'idojin Shari'a na wani banki, sannan na tafi Malesiya. Abin da zan faɗa maka ba wanda ya faɗa min, sai da na ɓata wata shida ina jin tsoron lissafi kafin na gane da kaina.

Kai ba baƙon lissafi ba ne. Ka ci fara'id ko ba ka ci ba? Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji rabi, su sulusi biyu. Me kake yi? Ka nemo asalin mas'ala, 6. Miji 3, su 4, ya zama 7, mas'ala ta yi auli, ka raba dukiya gida 7. Wannan neman asalin shi ne abin da malamin lissafinku na sakandare ya yi ta fama da ku a kai da sunan LCM. To ga irin tambayar GMAT: ɗan dako ɗaya yana sauke mota a awa 6, wani yana sauke ta a awa 3, in suka haɗu awa nawa? Na farko a awa guda ya yi sudusi, na biyu ya yi sulusi. Sudusi da sulusi, ko a barci aka tashe ka ka san rabi ne. Rabin mota a awa guda, awa 2 ke nan. Ranar da na ga haka na ajiye biro na yi ta dariya ni kaɗai. Ba mamaki ba ne ma, Khawarizmi da aka samo sunan aljabara daga littafinsa, a Bagadaza a ƙarni na 9, babban kaso na littafin mas'alolin wasiyya da gado ne.

Kashin auna hujja kuwa usul ne da Turanci. Za a ce maka: wani shago ya rage farashin shinkafa, ciniki ya ninka a watan, saboda haka ragin ne ya jawo cinikin. Wace magana ce za ta fi raunana wannan? Amsar ita ce wadda ta ce watan azumi ne, kuma shagunan da ba su rage ba su ma cinikinsu ya ninka. Ka ga an samu hukunci ba tare da illar da aka yi da'awa ba. Babin ƙawadihul illa ne, wato abubuwan da ke rushe dalilin hukunci, ka yi jarrabawa a kansa. Injiniyoyi a nan suke zufa, Injiniya yana ji ba zai musa ba. Matsalarka a wannan kashin ba tunani ba ce, saurin karanta Turanci ne.

Saboda haka ni da zan tsara maka, Turanci zan sa a gaba da lissafi, don lissafin wata huɗu zuwa shida na Khan Academy zai dawo da shi, kyauta ne, ka fara daga ɓangarori da kaso cikin ɗari ka hau zuwa aljabara da ƙididdiga. Turanci kuwa ba ya dawowa da gudu. Kullum shafi biyu na labarin kasuwanci, Daily Trust ko Arab News, da ƙamus a gefe, sannan ka rubuta abin da ka fahimta a layi biyar. Tunda digirinka da Larabci ne, dole za a nemi jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL, yawanci 6.5 ko 7 a IELTS, kuma shekara 2 kacal sakamakon yake aiki. Kada ka rubuta ta yanzu, za ta mutu kafin ka buƙace ta.

Injiniya, Dammam:
Na ji, ban musa ba. A kashin nan na fi zubar da maki. Ƙari ɗaya: makarantu da yawa suna karɓar GRE a madadin GMAT. Ita ma an gajarta ta a 2023, ba ta kai awa biyu cif ba, kuma tana ba da kalkuleta a lissafi. Mutanen adabi sukan gudu can. Amma ga wanda Turancinsa ya yi tsatsa ban ba da shawara ba, tana da kalmomin da Baturen ma sai ya duba ƙamus. Kuɗin GMAT kuma ya haura riyal dubu, ga mai cin mukafa'a, wato alawus ɗin ɗalibai, ba abin da za a yi ta gwadawa ba ne. Sau ɗaya, in ka shirya.

Ɗan Damagaram, Madina:
Ustaz, tambaya. Karatun nan ba lissafin kuɗin ruwa ne cike da shi ba? Ɗalibin Shari'a ya zauna yana koyon yadda riba ke hayayyafa?

Ustaz Abu Sumayya, Riyad:
Akwai shi, ba zan ɓoye maka ba. Darasin farko na harkar kuɗi shi ne riyal ɗin yau ya fi na baɗi daraja, kuma da ma'aunin ruwa suke auna shi. Fatawa ba tawa ba ce, kuna da shehunnai a Harami, ku tambaya. Abin da na gani da idona shi ne, na zauna a kan takardun murabaha da ijara, wato cinikin riba sananniya da haya na bankin Musulunci, kuma wanda bai san wannan lissafin ba ba zai gane lokacin da aka sa wa bashin ruwa rawani aka kawo masa ya sa hannu ba. Mu da muka san fiƙihu ba mu san alƙaluma ba, su da suka san alƙaluma ba su san fiƙihu ba, kowa yana gyaɗa wa ɗan'uwansa kai.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake ganin ya fi dacewa da Abu Hafsa ya duba kafin ya ƙulla wa ransa MBA. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci, na farko a 2017, naira biliyan 100, aka zuba a hanyoyi. Duk wuraren nan suna buƙatar wanda ya karanta mu'amalat da Larabci daga tushe. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain tana da ma'aunan Shari'a da Larabci, tana kuma da shaidar ƙwarewa ga masu ba da shawara da binciken Shari'a, ana iya rubuta ta da Larabci. INCEIF a Kuala Lumpur, babban bankin Malesiya ne ya kafa ta a 2005 don wannan fannin kaɗai. A nan kusa da ku Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda tana da ma'ahadin tattalin arzikin Musulunci. A gida BUK tana da cibiyar harkar banki da kuɗi ta Musulunci. A wannan layin digirinka ba abin da za ka yi ta ba da haƙuri a kansa ba ne, shi ne jarinka. In akwai bahasin kammalawa a gabanka, ka zaɓe shi a salam ko mudaraba, kada ka kai shi babin tsarki. Salam ma ai shi ne abin da 'yan Dawanau ke yi da manoma, a ba da kuɗi kafin shuka a karɓi hatsi a kaka.

Ummu Rayyan, Jidda:
Ustaz ya yi gaskiya, amma kada a tura yaro banki alhali shi sito ya ce. Abu Hafsa, in burinka ka ɗaga kasuwar mahaifinka ta kai ga fitar da riɗi da zoɓo waje, MBA ta gama-gari ta fi maka, don a nan ake koyon sarrafa kaya, talla da riƙon ma'aikata. In kana son zama a ƙasar nan, akwai Jami'ar Sarki Fahad (KFUPM) a Zahran, akwai Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyad, akwai kwalejin MBSC da aka kafa da haɗin gwiwar Babson ta Amurka, tana Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah, jirgin ƙasan Haramaini da kuke hawa zuwa Jidda yana tsayawa a can. Sai dai ka san cewa ayyukan akanta da na ofis da yawa ana ta mayar da su hannun 'yan ƙasa. Mu da aka haifa a nan muna ji a jikinmu. Ka yi karatun da niyyar gida.

Malam Sakatare, Jidda:
Tunda an zo maganar gida, bari in sa baki a kan takardu, don a nan na sha wuya. Duk wanda ya yi digiri a waje sai ya kai shaidarsa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja an tantance kafin NYSC ta karɓe shi. Wanda ya haura shekara 30 lokacin gamawa takardar yafewa ake ba shi. Jami'o'in gida ba za su ɗauke ka karatun gaba da digiri ba sai da ɗaya daga cikin biyun. Da yawansu kuma, in digirinka ba na kasuwanci ba ne, sai ka fara yin difilomar PGD ta shekara guda a gudanarwa kafin MBA. Kada ka ɗauke ta ƙasƙanci, a nan za ka koyi akanta da tattalin arziki a hankali da kuɗin naira. BUK na da makarantar kasuwanci ta Dangote, ABU na da tata, in aljihu ya yi nauyi akwai Lagos Business School. C6 ɗin nan da kake rainawa kiredit ne, shi za su nema, ka adana takardar.

Sannan sunanka. Ni a fasfo an rubuta sunana da haruffan boko yadda muke faɗa a gida, a takardar jami'a ta Turanci aka juya shi yadda Larabawa ke faɗa, mai fassara kuma ya kawo nasa na uku. Mutum ɗaya, suna uku. Wata takwas ina yawo tsakanin ofisoshi da takardar rantsuwar kotu, gurbin da na samu ya wuce. Kafin ka bar Madina ka karɓi shahada da kashfud darajat, wato takardar makin darussa, na Larabci da na Turanci, ka zauna ka duba harafi-harafi da fasfo a hannu. Wasu makarantun Amurka da Kanada za su ce sai WES, hukumar tantance takardun karatun waje, ta auna digirin, ita kuma ta fi son takardu su fito daga jami'a kai tsaye. Yin haka kana cikin jami'a wasa ne, daga Kano kuwa sai addu'a.

Ɗan Damagaram, Madina:
Mu na Nijar fa? Da Faransanci muka yi lise.

Injiniya, Dammam:
Kai ka fi shi sa'a ta wani gefen. INSEAD tana son mai harsuna, tana da reshe a Abu Dhabi ban da Faransa da Singafo, MBA ɗinta wata 10 ce. Amma da Turanci ake karatun, ba ka tsira daga IELTS ba. Maganar tallafi kuma, Chevening ta Ingila tana neman aikin shekara 2, awa 2,800, da alƙawarin komawa ƙasarka shekara 2 bayan gamawa. A MBA kuma ba ta biyan sama da fam 22,000 na kuɗin makaranta, cikon naka ne. Ka ga ko ta nan aka bi, aiki ne a gaba.

Alhaji Baba, Makka:
To kun dawo kan maganata. Ɗana, tunda ka nace, ga jarrabawata ni ma. Ka tambayi mahaifinka abu ɗaya: bara ya ci riba? Zai ce ƙwarai. Ka ce ina kuɗin? Zai fara lissafa maka mutane, wane buhu arba'in, wane sittin, sai bayan salla. Riba a baki, aljihu wayam. Ni wannan ya kusa kai ni ƙasa shekarar da aka ɗaga dariba, wato harajin VAT, zuwa kashi 15, a 2020, ga annoba ga ba alhazai, kayana na hannun mutane, masu bina kuma ba sa jira. In makarantar taku tana koyar da maganin wannan, to ba laifi.

Ummu Rayyan, Jidda:
Baba, wallahi shi ne darasin sati na biyu a akanta, bambancin riba da kuɗin hannu. Abu Hafsa, ga aikin hutunka na bana. Ka ɗauki darasin akanta na farko, akwai na Wharton a Coursera, ana iya neman rangwame. In da hali akwai CORe na Harvard ta intanet, darasi uku ne, akanta da tattalin arziki da nazarin alƙaluma, yana ba da sakamakon da za ka liƙa a takardar nema, amma da tsada. Sannan ka koyi Excel, ka kwashe littafin mahaifinka ka zuba a ciki. Buhu nawa aka saya a kaka, a nawa, kuɗin mota, dako, hayar sito, maganin ƙwari, abin da ya lalace, wa ake bi, tun yaushe. Mizaniyya, wato jadawalin dukiya da bashi, ba za ta ba ka wuya ba, ka san yadda ake fitar da zakkar kayan kasuwa: a ƙiyasta kaya, a haɗa da kuɗin hannu da bashin da ake sa ran biya, a duba abin da ake bin mutum. Ƙashin bayan ɗaya ne. Ranar da ka iya ce wa mahaifinka gero ne ke ciyar da gidan nan, masara hasara take yi shekara biyu, ka samu abin rubutawa a insha'in neman gurbi, kuma ba wani mai nema daga Landan ko Dubai da zai zo da irinsa.

Abu Hafsa, Madina:
Salam 'yan zaure, na dawo da rahoto. Na yi jarrabawar gwajin daren jiya bayan isha. 415. Injiniya ya ce zai yi ciwo, ya yi. A kashin Turanci lokaci ya ƙare ina da tambaya bakwai ban ko karanta ba, amma waɗanda na karanta na auna hujja na ci yawancinsu, Ustaz ya yi gaskiya. Na kuma kira Baba na yi masa tambayar Alhaji. Ya yi shiru, sannan ya ce wa ya aiko ka. Da na yi bayani ya sa ƙanena ya ɗauko hoton shafi goma sha biyu na littafin ya turo min. Matsala sabuwa: da ajami yake rubutawa, kuma a gaban wasu sunaye akwai harafin ba, wasu lam, wasu an zagaye su da jan biro. Ban san ta inda zan fara zuba su a Excel ba.

Alhaji Baba, Makka:
Harafin ba, bashi ne. Lam la'ada ce, ta dillali. Jan biro kuwa, in irin namu ne, wanda aka fid da rai da shi ne, ya mutu ko ya gudu ko surukinka ne. Turo hoton in gani. Kuma kada ka tambaye shi a kan masu jan biron ta waya, ka bari sai ka je.

Abu Hafsa, Madina:
Na turo ta gefe, Baba. Anti, la'adar a cikin kuɗin saye zan sa ta ko layinta daban?

Ummu Rayyan, Jidda:
Daban tukuna. Ka fara gano ta saye ce ko ta sayarwa, don Dawanau ana ba da ita ta kowane gefe. Ka turo min shafi ɗaya in ka gama, bayan la'asar ina duba waya.